Kiyashi a Cikin Injin Yanka

Shugaba Byeon ya ture kwanukan miya gefe da bayan hannunsa, ya shimfiɗa takardar a kan teburin ɗakin cin abinci, ya buɗe ɗan gwangwanin jar tawada ya ajiye kusa da ita.

"Buga hatiminka a nan, Ha Yong-dal. Nan kawai, ƙasan sunanka."

Tak Mal-sun tana bakin famfo, ta ba su baya, hannuwanta cikin kumfa. Ta rage ƙarfin ruwan don kada ko kalma ɗaya ta wuce ta. Shekara shida ke nan tana dafa wa ma'aikatan wannan ƙaramar masana'anta ta bayan garin Gimhae abincin rana, su goma sha huɗu, kowa "Inna" yake kiranta, har waɗanda suka girme ta. Mutumin da ke zaune gaban takardar kuwa, kai a sunkuye, hannun dama naɗe da bandeji ya yi girman kabeji, mijinta ne.

Kwana tara da suka wuce ya sa hannu zai janye guntun ƙarfe daga ƙarƙashin bakin injin yanka, mai fesa wutar filasma, sai wutar ta tashi. Kafin ya yi ƙara yatsu biyu sun tafi. Takardar ta ce ya ɗan kurɓi giya da rana, shi ya danna maɓallin da gwiwar hannu, kuma ya ajiye aiki da son ransa.

"Yallaɓai, ban taɓa maɓallin ba," Yong-dal ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"To aljani ne ya taɓa? Injiniya ya cire allon lantarkin injin, ya kai ofishinsu, ya auna, ya ce lafiyarsa ƙalau. Haba dattijo! Asibitin ƙanin matata na kai ka, an kula da kai kamar ɗan gida. In maganar nan ta isa ofishin ƙwadago, masu bincike za su cika mana gida, kamfanin jiragen ruwan da muke wa aiki ya janye aikinsa. So kake mutum goma sha huɗu su koma gida saboda yatsu biyu?"

Yong-dal ya shiga neman hatiminsa. Ya sa hannun hagu yana laluba aljihun rigarsa, ya koma na wando, ya sake dawowa na riga.

"Na rantse da safe na saka shi..."

"Tsufa ke nan," Shugaba ya ce, ya rufe gwangwanin da ƙarfi. "Juma'a. Ka zo da shi."

Hatimin yana aljihun gaban Mal-sun, tsakanin ashana da robar ɗaure leda. Tun a cikin bas ta zare shi daga aljihun mijinta. Ta ɗaga kai ta duba ta taga, ta hango koren allon nan da ke bakin ƙofa, wanda maigadi ke canja wa lamba kowace safiya: KWANA 1,106 BA HAƊARI. Ranar da aka kwashi mijinta zuwa asibiti ma sai da aka ƙara masa ɗaya.

* * *

Da yamma, kafin rana ta faɗi, ta zauna tana sauya masa bandeji a bakin barandar gidansu. Ruwa yana ta tsiyaya, kwana na huɗu ke nan, kayan shanya sun ƙi bushewa har sun fara tsami.

"Maman Mi-ran, ba ni hatimina."

"Wane hatimi?"

"Shekara talatin da ɗaya muna tare. Hannunki ya shiga aljihuna in kasa ganewa?"

Ta ƙulle bakin bandejin, ta ɗan ja fiye da kima har ya ce wash.

"Shekara huɗu rabonka da giya, tun da likita ya tsorata ka da maganar hanta. Ni na zuba maka abinci ranar. Ruwan sha'ir ka sha, kofi biyu. Za ka buga hatimi a kan ƙarya, jikokinka su taso su ji kakansu mashayi ne da ya yanke hannunsa?"

Ya juya ya kalli ruwan. Abin da ya faɗa bayan nan shi ya fi takardar yi mata ciwo.

"Kin san wani abu? Kwana biyun nan ni ma na fara tunanin ko na taɓa ɗin ne ban sani ba. Inji ai ba ya ƙarya. Haka aka ce wa Dambar, kuma mu duka muka yarda."

Dambar mutumin Nepal ne, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ke kan injin kafin Yong-dal. Shekara biyu da suka wuce wutar ta cinye masa tafin hannu. Ya yi ta rantsuwa da ɗan guntun yaren da ya iya, ba wanda ya saurara. Ya dangwala yatsa a takarda, aka sa shi a jirgi. Mal-sun da bakinta ta ce masa, tana ɗaure masa guzurin hanya, "Nan gaba ka riƙa kula, ka ji?"

"Inji ba ya ƙarya?" ta ce. "Wa ya gaya maka? Shekara ashirin da biyu ina zaune gaban allunan rediyo da talabijin a masana'antar garin Masan, ina liƙa dalma, ina kama ƙaryarsu. Layinmu gaba ɗaya, in allo ya gagari samarin nan masu farar riga, teburina ake kawo shi."

"Wancan zamanin rediyo ne."

"Tagulla ta canja hali ne tun lokacin?"

Ya yi 'yar dariya, ta farko tun da abin ya faru. Ita ba ta yi ba. Tun da aka rufe masana'antar tasu aka kwashe injina zuwa ƙetare, ba wanda ya sake tambayarta abin da ta iya in ban da yawan barkonon da ake sa wa kabeji.

* * *

Ranar Laraba ta ɗauki tire ta kai wa wanda aka ɗora a kan injin abinci, don an hana shi tashi, aiki ya taru. Ba a kashe injin nan ko da za a share bakinsa. Kunna shi minti goma yake ci, Shugaba Byeon kuwa zai iya yafe maka zagin mahaifinsa, amma ban da minti goma.

Ta sunkuya za ta ajiye tiren a bayan akwatin lantarkin injin, wani dogon akwatin ƙarfe da ya kai ta tsawo, sai ta ga kiyashi. Layi guda, siriri, sun fito daga tsagar siminti, sun hau ƙafar akwatin, sun shige ta ramukan shan iska.

Ta tsaya da tiren a hannu. Mace mai kicin ta san kiyashi fiye da yadda ta san maƙwabtanta. Ba sa cin ƙarfe, ba sa shan man inji. Inda duk ka gan su a jere, akwai zaƙi a ƙarshen layin.

Ta bi su da ido har sama. A saman akwatin, daidai kan ramukan, busasshen kifin da aka sa don tsari daga haɗari yana rataye, naɗe da farin zare, ya yi baƙi da hayaƙi. Nan take ta tuna. Duk farkon shekara ana shimfiɗa wa injin tabarma, a ajiye dafaffen kan alade da wainar shinkafa mai jan wake, Shugaba ya durƙusa ya kai goshi ƙasa sau biyu, ma'aikata su bi bayansa, a roƙi shekara ta wuce ba jini. Sannan a yayyafa giyar shinkafa. Mutane suna zuba tasu a ƙasa, a ƙafafun inji. Shugaba Byeon kuwa komai nasa sai ya fi na kowa. Shi kwano guda yake ɗauka, ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya watsa a saman akwatin yana cewa, "Ƙwaƙwalwar a nan take, ita ya kamata ta sha!" A yi ta tafi. Ita ke wanke kwanon, shekara shida.

Ta kai hancinta jikin ramukan. Ƙarƙashin ƙaurin ƙarfe da zafin fanka, akwai wani ɗan tsami-tsami da ta sani.

Sai wani abu ya sake faɗo mata. Ranar da Yong-dal ya ji ciwo wainar albasa ta soya, kuma ba ta soya ta sai ana ruwa. Ranar Dambar ma ita ce a kan wuta, ta tuna sarai, don ta bar ta ta ƙone a kasko lokacin da ta ji ihunsa.

"Inna, lafiya?" ma'aikacin ya tambaya.

"Kada ka ƙara sa hannu ƙarƙashin bakin nan. Ka sa ƙugiya. Ko da Shugaba zai haɗiyi harshensa."

* * *

Injiniya Seok ya iso ranar Alhamis da hantsi, da jakar kwamfuta da lema, don ya sa hannu a rahotonsa na ƙarshe. Mutum ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai ladabin da ke gaya maka kada ka ɓata masa lokaci. Shugaba yana riƙe masa lema kamar ango.

Mal-sun ta tare su a gaban injin. Ta cire safar hannu ta roba. A hannunta akwai tsohuwar mitarta ta auna lantarki, mai allura, wadda ta kwana shekaru cikin akwatin zare, da tabaron ƙara girma mai igiya.

"Injiniya, don girmanka, buɗe min akwatin nan in ga allon."

"Inna, koma kicin," Shugaba ya ce. "Miya za ta ƙone."

"Na sauke."

Seok ya dubi mitar, murmushi ya kufce masa. "Kai, Inna, wannan ai a gidan tarihi ake ganin irinta. Allon nan kwana biyu ya yi a kan teburina. Na hura masa iska, na gwada shi sau ɗari biyu, ko sau ɗaya bai tashi da kansa ba."

"Ofishin naku akwai na'urar sanyaya ɗaki?"

"Akwai mana."

"To ka gwada mara lafiya a ranar da zazzaɓi ya sauka, ka ce ƙalau yake. Ka juya bayansa? Ka ɗaga farar robar da wayoyin maɓalli ke shiga?"

Murmushin ya ragu. Ma'aikata sun fara barin abin da suke yi. Yong-dal, wanda ta sa ya rako ta ba tare da ta gaya masa dalili ba, yana tsaye can bakin ƙofa kamar baƙo.

"Minti goma za a kashe injin," Seok ya ce wa Shugaba. Bai jira amsa ba, ya sauke babban makunni.

Ya kwance allon ya ɗora a kan benci. Kore ne, faɗin tiren shayi, siraran hanyoyin tagulla sun bi jikinsa. Mal-sun ta goge hannu a gaban rigarta, ta ɗauke shi ta gefe-gefe da 'yan yatsu, ba ta taɓa fuskarsa ba. Seok ya lura da wannan riƙon, ya daina kallon agogo.

Ta juya shi, ta sa tabarau, ta sa farce ta ɗaga gindin farar robar. Kiyashi biyu suka fito a guje. A ƙarƙashi, tsakanin ƙafafu biyu na dalma, akwai wani ɗanko ruwan ƙasa da ya haɗiye ƙurar ƙarfe ya yi baƙi, gefensa ya yi kore.

"Waɗannan ƙafafun biyu fa?" ta tambaya.

"Na maɓallin tayar da wuta ne," Seok ya ce a hankali. "In suka haɗu, wuta ta tashi."

Ta ɗora tsinken mita ɗaya a kowace ƙafa. Allurar ta ɗan yi rawa ta tsaya can gefe.

"Kin gani?" Shugaba ya ce. "Ba komai. Datti ne kawai. Wane inji ne ba shi da datti?"

Mal-sun ba ta dube shi ba. Ta sunkuya, ta buɗe baki, ta huro wa wurin numfashi mai ɗumi, irin wanda ake yi wa gilashi kafin a goge. Haka suke yi a Masan. Allurar ta tashi, ta yi tafiya, ta wuce tsakiya.

Ruwa yana ta dukan kwanon rufi.

"Kowane allo ka hura wa danshi ai zai motsa," Shugaba ya ce, amma muryar ta sirance.

"Haka ne? To ga na kusa da su, masu tsabta." Ta matsar da tsinkayen, ta sake hurawa har sau biyu. Allurar ko gezau. Ta miƙa wa Seok allon. "Sansana, Injiniya. Kai ka yi makaranta, ka gaya mana wane irin man inji ne wannan."

Seok ya kai hanci. Ya ɗaga kai ya dubi kifin da ke rataye, ya dubi ramukan da ke ƙarƙashinsa, inda wani farin tabo ya gangara ya bushe. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, ba ya buƙatar a yi masa bayani.

"Wa ke zuba giya a saman akwatin nan?"

 Mutum goma sha uku suka juya suka kalli mutum ɗaya.

"Al'ada ce!" Shugaba ya ɗaga murya. "Don lafiyarku nake yi! Kuma allura ta motsa ba ita ce wuta ta tashi ba."

"Gaskiyarka, yallaɓai," Mal-sun ta ce. "Injiniya, mayar da allon yadda yake. Kowa ya ja baya, bayan layin rawaya. Kai ma, yallaɓai, kada a ce gwiwar hannunka ce."

Ta shiga kicin ta fito da babbar butar ruwan sha'ir, tana tafasa. Seok ya ɗaure allon, ya ɗora tarkacen ƙarfe ƙarƙashin bakin injin, ya kunna. Aka jira minti goman nan, Shugaba yana ta share wuya da hankici. Teburin maɓallai yana can shi kaɗai, taku biyar daga mutum mafi kusa.

Ta tsaya a bayan akwatin, nesa kaɗan, ta saita bakin butar yadda fanka za ta ja tururin ciki. A ranta tana cewa, in abin nan ya ƙi, gobe da hannuna zan miƙa hatimin.  Ta ƙirga goma. Ta ƙirga ashirin. Shugaba ya buɗe baki zai yi magana.

Wani abu ya ce ƙyas a cikin akwatin. Iska ta yi tsaki, sai shuɗiyar wuta ta faso daga bakin injin, ta huda ƙarfen, tartsatsi ya watsu har jikin bango.

Seok ya daka tsalle ya sauke makunni. Wani ya yi ihu, wani ya jefa hularsa sama, tsohon mai walda ya kama tafi da safar fata yana cewa, "Inna! Kai, Inna! Ashe injin ne mashayin!" Dariya ta ɓarke, irin wadda ta daɗe a maƙale.

Mal-sun ta ajiye butar a ƙasa. Ba su take nema ba. Can bakin ƙofa Yong-dal ya zame ya tsuguna, ya rufe fuska da hannun bandejin, kafaɗunsa suna girgiza. Ta taka har inda yake, ta ciro hatimin daga aljihu ta sa masa a tafin hagu, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ungo, Baban Mi-ran. Ba ka taɓa ba. Ka ji? Ba ka taɓa ba."

Seok ya zaro rahotonsa daga jaka, ya yaga shi biyu a gaban kowa. Sannan ya zo gabanta ya haɗa ƙafafu, ya rusuna sosai, irin rusunawar da ake yi wa malami.

"Ban tambayi sunanki ba, Malama."

"Tak Mal-sun. In ka rubuta sabon, ka ba ni kwafi. Da ƙafata zan kai ofishin ƙwadago."

* * *

Masu bincike sun zo, su biyu, sun kwana uku suna shiga da fita. Kamfanin jiragen ruwa bai janye ba, ya dai aiko da doguwar wasiƙa. Mutum goma sha huɗun nan ba wanda ya koma gida. An sauya allon, an sa wa akwatin rufi, an kafa doka cewa sai an kashe inji kafin hannu ya shiga, Shugaba Byeon ya koyi zama minti goma yana kallon bango. An rubuta ciwon Yong-dal da sunansa na gaskiya, haɗarin aiki, kuma da hannun ya warke aka mayar da shi duba kayan da aka yanka. A shafi na biyu na rahoton akwai sunan Tak Mal-sun, 'yarsu Mi-ran ta sa an yi masa firam. Ma'aikata suka koma kiranta Injiniya Tak, rabi tsokana, rabi da gaske, har ana kawo mata rediyon mota da tukunyar shinkafa mai lantarki a leda don ta gyara.

Ranar da aka sauke lambobin koren allon aka rataya sifili, ta tsaya ta taga ta kalla har maigadi ya sauko daga tsani. Daɗin da ta ji ranar ba ta ji irinsa ba tun haihuwar Mi-ran.

Ta gaya wa masu binciken maganar Dambar. Babbansu ya rubuta, ya ce sai mai ciwon da kansa ya shigar da ƙara, ko a samo inda yake. A ofis ba adireshi, sai lambar waya guda a bayan wani tsohon kati.

Bayan an watse daga cin abinci ta zauna ta buga. Ta riga ta shirya abin da za ta ce, da 'yan kalmomi masu sauƙi yadda zai gane: ba kai ba ne, injin ne, ka yafe min. Wayar ta yi shiru, sannan muryar wata mata ta na'ura ta ce wannan lamba babu ita. Ta sake bugawa, a hankali, lamba ɗaya-ɗaya. Matar ta maimaita.

A kan kantar sama ta kicin, bayan kofunan ma'aikata, akwai wani kofin ƙarfe da aka kankare wa suna da ƙusa, da rubutun da ba wanda ya iya karantawa a masana'antar sai mai shi, Dambar. Mal-sun ta hau kujera ta sauko da shi. Ba shi da datti, ƙura ce kawai. Ta wanke shi da sabulu, ta goge, ta ajiye shi a layin gaba tare da sauran.